Ranar da Na Ƙi Amsa Sallamar Kawu

Wahala ce. Duk wanda ya ce muku noman naman kaza, wato laimar kwaɗi, sana'ar hutu ce, bai taɓa tsayawa gaban duro mai tafasa awa biyar a tsakiyar bazara ba. Shekara goma sha ɗaya na yi ina dakon dila a Kantin Kwari kafin bayana ya ƙi, kuma ina gaya muku dila ta fi sauƙi. Dila idan ka sauke ta, ka sauke. Kwalbar iri kuwa sai ta yi kwana goma tana kallonka kafin ta gaya maka ko aikin banza ka yi.

Yanzu ku samari kuna zuwa ƙofata a Fagge da waya a hannu, kuna nuna min wani yana zuba hatsi a leda, kafin minti uku ga naman kaza ya fito fari tas. "Baba Sale, ai abin ba wuya." To. Mai hoton bai nuna muku ledojin da ya zubar a bola ba. Ni aji huɗu na tsaya a firamare, yadda nake magana haka zan rubuta, mai son ji ya ji.

Aikin farko da aka ba ni shi ne wankin kwalba. Wanda ya koya min sana'ar sunansa Baba Lasisi, Bayarabe ne Musulmi, haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa ta fi ta wasunku. Ya yi aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje har ya yi ritaya. Matarsa nake ɗaukar wa atamfa daga Kwari, ita ta ga yadda nake tafiya a karkace ta ce in je wajen mijinta. Wata uku ina wanke kwalabe da buroshi da ruwan zafi. In na gama sai ya ɗaga ɗaya saitin rana, ya juya ta, ya mayar min cikin baho in sake wankewa. Ni da 'ya'yana uku a lokacin. Na haɗiye.

Sai dawa. Ita ce gidan iri, a jikinta farin zaren naman kaza yake kamawa ya yaɗu, wannan dawar da zare ya cinye ita muke kira iri. Za ka wanke ta har ruwan ya fito garau, duk wadda ta taso sama ka kwashe. Ka jiƙa ta ta kwana, ka dafa. Dahuwar ce ke raba mai sana'a da mai wasa. Ka ɗauki ƙwaya ka matse tsakanin farce biyu: ta lotsa amma kada ta fashe. In ta fashe ka yi dambu, ka kai cikin gida a sa mai a ci. Ka tsane ta, ka baza a tabarma mai tsabta har in ka tura hannu ya fito ba danshi, ka barbaɗa garin alli don kada ta manne. Kwalba ba a cika ta, sai ka bar wurin girgizawa. Ka toshe baki da auduga, ka rufe da takarda, ka ɗaure da roba, ka jera a tukunyar nan mai riƙe tururi, awa biyu tana huci. Wanda ya rage minti ashirin don gas ya yi tsada, zai gane kurensa bayan mako guda.

Haɗin leda ya fi cin ƙarfi. Garin katako nake ɗebowa wajen masu yankan katako, kuma sai na shinshina kafin in cika buhu, don in da baƙin man inji a ciki ko garin maɗaci ne, an yi asara. A haɗa da dusa da farar ƙasa kaɗan, a yi ta juyawa da shebur ana yayyafa ruwa. Ka damƙa a hannu: ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsu, shi ke nan. A ɗura a leda, a danna, a jera a duro bisa katako, ruwa a ƙasa, wuta a ƙarƙashi. Nan ne awa biyar ɗin da na faɗa.

Duk wannan jaki ma zai iya in an nuna masa. Sana'ar tana cikin ɗan lokacin da bakin kwalba yake a buɗe. Baba Lasisi yana da akwatin katako mai gilashi a sama da huji biyu na shigar da hannu. A goge cikinsa da sifirit, a goge hannu har gwiwa, a kunna 'yar fitilar sifirit, a rufe ƙofa da taga, a kashe fanka, a ɗaure hanci da baki da ƙyalle. Ka ƙona cokali, ka buɗe kwalbar uwa, wato irin asali da ake tayar da sabo daga jikinsa, ka ɗebi ƙwayoyi kaɗan, ka zuba a sabuwar dawa, ka toshe. Kafin ka ƙirga biyar an gama. Kuma ba magana. Ranar farko da ya bar ni na sa hannu a akwatin, wani maƙwabci ya yi sallama daga waje, na amsa da ƙarfi kamar yadda aka tarbiyyantar da ni. Baba ya zare kwalbar daga hannuna ya ajiye ta gefe, ya manna mata takarda da sunana. Bayan kwana shida ya kira ni. Ta yi baƙi, tana tsami.

"Sale, ga sallamarka nan ta tsiro," in ji shi. "Bakinka, ko ka yi asuwaki sau goma, kasuwa ce. Ka amsa a zuci, Allah yana ji. In ka fito ka bi mutum har gida ka gaishe shi."

Uwar iri da Baba yake riƙe da ita ba irin ta ko'ina ba ce. Shekaru ya yi yana zaɓa, duk bazara sai ya ɗauki wadda ta jure zafin Kano ya sake tayar da ita daga nan, har ya samu wadda ke fitowa lokacin da ta kowa ta ƙone. Da zai sallame ni bayan shekara biyu, ita ya ba ni, kwalba huɗu, da akwatin aikinsa na biyu. Ya ce, "Kada ka taɓa buɗe su duka rana ɗaya." Ba a yi shekara uku ba ya rasu, Allah ya jiƙansa. 'Ya'yansa ba wanda ya bi sana'ar. Uwar ta rage a hannuna ni kaɗai.

Wurin aiki Kawu Habu ne ya ba ni, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana. Wani ɗan ɗaki ne a gefen soron gidansa a Fagge, taku uku tsawo, taku biyu faɗi. Mutanen unguwa suka sa min suna Sale mai laimar kwaɗi. Ba su ci, ba su saya, sai dariya. Masu sayen irina matan Sabon Gari ne, babbarsu Madam Nkechi, 'yar ƙabilar Ibo, mai ɗakin leda a bayan gidanta, ta zuba yashi a ƙasa tana jiƙawa, ta rataye buhuna masu ruwa a taga. Ita ke kai wa masu dafa abinci a otal-otal na Titin Ibrahim Taiwo. Macen da ba ta yabo. In ta ce "ba laifi," to ka yi abin kirki.

Shekarar da ta kusa kashe ni, da zafi ta fara. Aka ɗauke wuta kwana da kwanaki, firjin da nake ajiye uwa ya zama akwatin banza. Uwar ta fara tsufa, tana fitar da ruwa rawaya. Na ce bari in tashe su duka huɗun zuwa sabuwar dawa kafin su mutu. Kuskure na farko ke nan, kuma an gaya min.

Da hantsi ina tsaka da aikin, na ji sallamar Kawu. Bai taɓa leƙa ɗakin ba sai ranar. Mutumin da ya ciyar da ni, a gidansa, a bakin ƙofar da ya ba ni. Na amsa, na buɗe. Daga wajen ragunansa yake, ya gama zuba musu harawa, duk burbushinta a hannun rigarsa. Ya miƙo hannu, na miƙa biyu.

"Kai Salele, wai ina abin da kake ɓoyewa haka kamar mai haɗa bam? Cire wannan tsumman a bakinka mu gaisa."

Na cire. Ya sunkuya ya kalli akwatin, ya ɗaga murfin gilashin gaba ɗaya, ya ɗauki kwalbar uwa, ya zare audugar kamar mai buɗe turare, ya shinshina.

"Ikon Allah. To ai ba a fara nema babu addu'a. Kawo su nan."

Ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya tofa a ciki. Ya ɗauki ta biyu. Ta uku. Ta huɗu. Da zuciya ɗaya yake yi, har idonsa ya ciko, yana roƙa min arziki da sunan mahaifiyata. Ni kuwa ina tsaye hannu a buɗe. Na ce amin. Da bakina na ce amin, sau huɗu.

Kuskure na biyu ya fi muni, don shi ba kunya ce ta sa ni ba. Na ce wa kaina abin da aka yi wa addu'a ba zai lalace ba, na ci gaba da aiki da su. Zaren ya fara tafiya fari, sai dai nan da can akwai wurin da dawar ta jiƙe ta yi duhu. Na gani. Na girgiza kwalaben wurin ya ɓace, na raba wa mata.

Bayan mako uku adaidaita ta tsaya a ƙofar gida, Madam Nkechi ta fito da leda ɗaya ta dire a gabana. Koriya shar, funfuna ta cinye ta tun daga wuya har gindi.

"Malam Sale, wannan mene ne? Ganye na ce ka ba ni?"

"Madam, zafi ne..."

"Zafi! Bara sanyi aka yi a Kano? Duk ɗakina haka yake. Na Mama Chidi da ka ba irin ma haka. Kalle ni. Ka san irin ba shi da kyau ka ba mu, ko ba ka sani ba?"

Na ce na sani.

Ta ce, "Da ƙarya ka yi, da yau na gama da kai. Baba ba haka ya koya maka ba." Ta shiga adaidaitarta ta bar min ledar.

Na koma kan uwa, duka huɗun da 'ya'yansu sun tafi. Wasu kore, wasu baƙi, wasu wari kamar tsohon kamu. Na haƙa rami a bayan gari na binne, don ba a zubar da funfuna kusa da wurin aiki. Na sa aka aiko min iri daga kudu a mota. Na farko ya iso a dafe. Na biyu ya kama leda da kyau, ya yi fari, sannan ya zauna ya ƙi fitowa, zafinmu ya fi ƙarfinsa. Wata huɗu ban fitar da kwalba ɗaya ba. Abokan dako suka aiko cewa igiyata tana nan in na gama wasan kwaɗi. Kawu kuwa ya ce baki ne ya kama ni, zai sa a ƙara addu'a. Ban iya gaya masa komai ba. Da wane bakin?

Da damina ta zauna, wata la'asar Madam Nkechi ta kira ni a waya. "Zo ka ga wani abu. Kada ka tsaya shan shayi." A bayan gidanta, gindin gwaba, akwai tarin tsofaffin ledoji da ta zubar tun kafin abin ya faru, na irin Baba na asali. Ruwa ya dake su, ɗaya ta farka. Wasu 'yan kawuna uku ne suka leƙo ta inda ledar ta yage, ko kan ashana bai fi su ƙanƙanta da yawa ba.

Na tsuguna. Na ce, "Madam, a kife kwando a kai. Kada kaza, kada yaro, kada ke kanki."

"Ni za ka koya wa? Je ka dafa dawarka."

Baba ya taɓa nuna min yadda ake tayar da uwa daga jikin naman kaza. Ba a yanka shi, don wuƙa tana jan dattin waje zuwa ciki. Tsaga shi ake yi da hannu daga kai zuwa gindi, tsakiyar nan da iska ba ta taɓa taɓawa ba, nan za ka ɗebo ɗan ƙanƙani da wuƙar da ka ƙona, ka jefa cikin dawa. Sau biyu na gani, ban taɓa yi ba. Kwana biyu na yi ina shiri: ƙananan kwalabe shida, na dafa su awa biyu da rabi, na wanke ɗakin har rufi. Rana ta uku da sassafe na je Sabon Gari. Biyu daga cikin ukun ƙwari sun ɓata su. Ɗaya ya rage, faɗinsa kamar tafin hannun jariri. Na sa shi a kwano mai murfi, na riƙe a cinya har Fagge. In wannan ya lalace, shekarun Baba sun tafi, ba inda za a sake samo su.

Na rufe ƙofa. Ba ta da sakata, wata lanƙwasasshiyar ƙusa ce kawai. Na ɗaure baki, na goge hannu, na tsaga naman, na sa wuƙa a wuta har ta yi ja. Na buɗe kwalba ta farko ke nan na ji takun mutum biyu a soro.

"Salamu alaikum."

Kawu ne. Na amsa a zuci. Na jefa, na toshe, na ɗauki ta biyu.

"Salamu alaikum! Salele, na san kana ciki, ga takalmanka nan. Malam na kawo maka, tun daga Kurna ya taso saboda kai. Buɗe ya sa wa kayan nan albarka."

Na ji ya taɓa ƙofar, ƙusar ta fara juyawa. Na ce muku ɗakin taku biyu ne. Hannuwana suna cikin akwati, na miƙa ƙafar dama baya na tokare ƙofar da diddige. Ya tura, na danne. Ya sake turawa da kafaɗa, na danne da ƙafar da ta yi shekara goma sha ɗaya tana ɗaukar dila. Haka na yi ta uku da ta huɗu, a kan ƙafa ɗaya, gumi yana shiga min ido.

Sallama ta uku a hankali ya yi ta. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san abin da ke bayan ta uku. Na ji baƙon yana cewa, "Alhaji, mu je, wataƙila yana da uzuri." Kawu ya ce, "To madalla. Mun gode." Takunsu ya yi nisa. Na gama ta biyar, na gama ta shida, na kashe fitila.

Kafin azahar magana ta zaga dangi. Sale ya tokare wa Kawunsa ƙofa a gaban baƙo. Sale ya shiga tsibbu, shi ya sa yake rufe fuska. Matata Hauwa ta dawo daga cikin gidan Kawu da saƙo: ya ce in kwashe kwalabena in ba shi ɗakinsa, shi ba shi da ɗa mai suna Sale. Ta ce in je yanzu in faɗi a gabansa in ce sharrin shaiɗan ne. Na ce ba shaiɗan ba ne, ni ne, kuma gobe ma aka dawo haka zan yi. Ranar da na buɗe ƙofa don kunya, mata huɗu na jefa a wahala, ba wanda ya ce na yi rashin tarbiyya. Yau da na yi aikina daidai ne na zama ɗan iska.

Cikin shidan nan huɗu sun mutu, biyu suka kama. Duk kwalbar da kuke gani a kan katakon nan jikokinsu ne, har wadda Madam Nkechi ta ɗaga saitin rana bayan wata biyu ta ce "ba laifi." Saboda haka in kun zo koyo kuka yi sallama kuka ji shiru, ku zauna a dakali ku jira. Wanda ba zai iya barin babansa a tsaye a waje ba, ya je ya nemi wata sana'ar, akwai su da yawa.

Amma ranar ban san ko ɗaya za ta kama ba. Washegari bayan sallar asuba na ɗauki kwalba ɗaya cikin shidan, a toshe, a ɗaure, na sami Kawu a soro kan buzunsa yana jan carbi. Ko kallona bai yi ba. Na tsuguna na ce, "Wa alaikumus salam. Wa alaikumus salam. Wa alaikumus salam. Na jiya ne, Kawu."

Carbin ya tsaya.

Na gaya masa abin da ya kashe kwalabe huɗun farko. Na ce ba addu'ar ba ce, numfashi ne da burbushin harawa, kuma laifina ne da na yi shiru.

"Wato bakina ne dattin?"

"Har nawa, Kawu. Har na malamin." Na ajiye kwalbar a gefen buzun. "Ina son addu'ar. A yi ta daga waje, ba ta buƙatar a buɗe mata murfi."

"Ɗan banza," in ji shi. Ya ɗauki kwalbar, babban yatsansa ya nufi audugar, na riƙe masa wuyan hannu. Tun da nake ban taɓa yin haka ba. Muka kalli juna. Ya fizge hannunsa, ya karanta, ya tofa a jikin gilashin, ya goge da bakin rigarsa, ya turo min.

"Ɗauke tsiyarka daga gabana."

Bai ce in bar ɗakin ba, bai ce in zauna ba, ni ma ban tambaya ba. Na mayar da kwalbar cikin 'yan'uwanta, na taka zuwa wajen masu kayan gini na jira suka buɗe, na sayo sakata babba da ƙusoshi. Yana zaune a soron yana ji, na kafa ta daga ciki.